Abin da Ake Saye a Harvard

A ranar 12 ga Maris, 2019, masu gabatar da ƙara na gwamnatin tarayyar Amurka a birnin Boston suka sanar da tuhumar mutum 50, cikinsu har da attajirai da 'yan fim da masu horar da 'yan wasa a jami'o'i. Laifinsu shi ne cinikin guraben karatu. Dillalin harkar, William Singer, ya karɓi kimanin dala miliyan 25 daga hannun iyaye. 'Yar fim Lori Loughlin da mijinta sun biya dala dubu 500 don a shigar da 'ya'yansu mata biyu Jami'ar Kudancin California da sunan 'yan wasan tseren kwale-kwale, alhali ba sa yin wasan. Wannan kuɗi kuwa na shiga ne kawai, kuɗin makaranta yana nan yana jira. Mutanen da ke da halin ɗauko wa 'ya'yansu kowane malami har gida sun yarda su sayar da mutuncinsu saboda sunan makaranta. Kafin a ce digirin babbar jami'a ya cancanci tsadarsa ko bai cancanta ba, ya kamata a san abin da ke cikin sunan, da yadda aka yi ya shiga.

An kafa Harvard a 1636, Yale a 1701, Princeton a 1746, kuma horar da malaman coci na cikin manyan dalilan kafa su. Har farkon ƙarni na 20 shigarsu ba ta da wuyar da take da ita yau. Akwai jarrabawa, wanda ya ci kuma yake da kuɗin biya ya shiga. Da yake an tsara jarrabawar bisa abin da ake koyarwa a makarantun kwana na 'ya'yan masu hali, su ne suka cika azuzuwa.

Lamarin ya canza lokacin da 'ya'yan Yahudawa baƙin haure daga gabashin Turai, waɗanda suka fito daga makarantun gwamnati na Boston da New York, suka fara cin jarrabawar da yawa. A 1922 sun haura kashi 20 cikin ɗari na sababbin ɗaliban Harvard. Shugaban jami'ar, Abbott Lawrence Lowell, ya nemi a ƙayyade adadinsu. Ba a amince da hakan a fili ba, sai aka bi ta bayan gida. Aka shigo da auna "halin" ɗalibi, da wasiƙun shaida, da ganawa ido da ido, da fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai. Masanin zamantakewa Jerome Karabel ya bi diddigin wannan tarihi a littafinsa The Chosen na 2005. Daga nan gurbin karatu ya zama abin da jami'a ke bai wa wanda ta ga ya dace da taronta, kuma yawancin waɗannan ma'aunai suna aiki har yau.

Wanda ya gaji Lowell a 1933, James Conant, ya ɗan buɗe ƙofa. Ya yi amfani da jarrabawar SAT wajen zaƙulo haziƙan yara daga jihohi masu nisa, ya ba su tallafin karatu. Sai dokar GI Bill ta 1944, wadda ta ɗauki nauyin karatun sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Tana biyan har dala 500 a shekara, kuɗin da a lokacin ya isa karatu ko a Harvard, kuma sama da tsofaffin sojoji miliyan 2 sun shiga manyan makarantu ta dalilinta. Wannan ya ƙara wa manyan jami'o'in daraja iri biyu a lokaci guda: suna tara 'ya'yan masu dukiya, suna kuma tara masu kaifin ƙwaƙwalwa, kowane ɓangare yana cin albarkacin ɗayan.

Tsadar ta biyo baya. A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar ilimi mai zurfi, wadda ta sa gwamnati ta tsaya wa ɗalibai su karɓi rance. A 1983 kuma mujallar U.S. News ta fara jera jami'o'i daga ta ɗaya zuwa ƙasa. Daga baya ta riƙa duba abubuwa irin su kuɗin da jami'a ke kashewa kan kowane ɗalibi da yawan masu neman shiga da take mayarwa. Jami'ar da ke son hawa sama sai ta ƙara kashe kuɗi, ta ƙara korar masu nema. Gasar ta kai ga a 2022 wani farfesan lissafi na Columbia, Michael Thaddeus, ya tona cewa alƙaluman da jami'arsa ke miƙawa ba daidai ba ne, Columbia ta faɗo daga matsayi na 2 zuwa na 18. A 'yan shekarun nan Harvard kan ɗauki kimanin kashi 4 na masu neman shigarta, cikakken kuɗinta na shekara, har da abinci da makwanci, ya haura dala dubu 80. Kusan abin da matsakaicin gidan Ba'amurke ke samu ke nan a shekara guda.

Sanin ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu yana da wuya, domin waɗanda suka fito daga waɗannan jami'o'i sun riga sun yi fice tun kafin su shiga. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Masana tattalin arziki biyu, Stacy Dale da Alan Krueger, sun nemi hanyar raba tasirin makaranta da na ɗalibi. A binciken da suka wallafa a 2002, sun bi ɗaliban da suka shiga jami'a a 1976, suka kwatanta waɗanda makarantu iri ɗaya suka karɓa, amma wasu suka tafi mai babban suna, wasu suka zaɓi wadda ba ta kai ta ba. Bayan shekara kusan ashirin, abin da suke samu bai bambanta sosai ba. Da suka sake binciken a 2011 sakamakon bai canza ba, sai ga rukuni guda: baƙar fata, da 'yan asalin Latin Amurka, da waɗanda iyayensu ba su yi karatu mai zurfi ba. Su kam babbar jami'a ta ƙara musu samu a zahiri. Fassarar da ta fi kusa ita ce, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya ko ina ya yi karatu. Wanda ba shi da ita, a jami'ar yake samun waɗanda za su buɗe masa ƙofa.

A 2023 Raj Chetty da David Deming da John Friedman sun duba ɓangaren da wancan bincike bai haska ba. Sun ɗauki jami'o'i 12, wato takwas na Ivy League da Stanford da MIT da Duke da Chicago, suka kwatanta ɗaliban da aka ajiye a jerin jira, wasu aka kira su daga baya, wasu ba a kira su ba. Matsakaicin albashi bai bambanta da yawa ba, kamar yadda Dale da Krueger suka gani. A can ƙololuwa bambancin yake. Wanda ya shiga, damarsa ta kaiwa sahun kashi 1 mafi samu a ƙasar ta ƙaru da rabi ko fiye, damar aiki a fitattun kamfanoni kuwa ta ninka kusan sau uku. Ƙasa da rabin kashi 1 na Amurkawa ke karatu a waɗannan jami'o'i, amma su suka yaye kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na sanatocin ƙasar. Takwas daga alƙalai tara na Kotun Ƙoli sun karanta shari'a a Harvard ko Yale. Binciken ya kuma nuna 'ya'yan mafiya arziki sun ninka 'ya'yan masu matsakaicin hali damar shiga fiye da sau biyu ko da makinsu ɗaya, kuma fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, gadon zamanin Lowell, na kan gaba cikin dalilai.

Wani abin da kan ɓace a muhawarar shi ne, waɗanda digirin ya fi amfana su ne ba sa biyan cikakken kuɗinsa. Tun 2001 Princeton ta daina haɗa rance a tallafin da take bayarwa. A 2025 Harvard ta sanar cewa ɗalibin da iyalinsa ke samun dala dubu 100 ko ƙasa da haka a shekara ba zai biya komai ba. Haɗarin yana wurin da ake sayar da sunan ba tare da irin wannan tallafi ba, musamman a digiri na biyu. A 2021 jaridar Wall Street Journal ta gano cewa waɗanda suka ci bashin gwamnati don digiri na biyu a fannin fim a Columbia sun fita da matsakaicin bashin dala dubu 181, kuma bayan shekara biyu rabinsu ba sa samun dala dubu 30 a shekara. Tambarin jami'ar ɗaya ne a kan takardun duka, amma ba girin-girin ba, ta yi mai.

Lissafin ya shafi iyalai a Najeriya, ƙasar da ta fi kowace a Afirka tura ɗalibai Amurka, kimanin dubu 20 a shekarar karatu ta 2023/2024. Ɗalibin waje ba ya samun rancen gwamnatin Amurka, don haka in babu tallafi daga aljihun iyaye kuɗin ke fita, da dala, bayan canjin hukuma ya tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024. Mutanen da ake zuwa a sani kuma galibinsu a can za su zauna, ƙofofin da suke buɗewa na New York ne da Washington.

Abin da tarihin shekara ɗari ya nuna shi ne, hajar da waɗannan jami'o'i suka fi kowa ita ce kujera a cikin taron da aka tace. Ga haziƙin da ba shi da kowa kuma ya samu tallafi, babu cinikin da ya fi wannan riba. Ga mai neman kotun ƙoli ko shugabancin babban banki, kuɗin yana da hujja. Wanda kuwa zai sayar da gona ko ya ɗauki bashin shekara ashirin don ya zama injiniya ko akanta, alƙaluman Dale da Krueger sun nuna jami'ar gwamnati mai kyau za ta kai shi wuri ɗaya, gonarsa kuma tana hannunsa.