Tallafa wa Yara Masu Naƙasa a Karkara

Mafi yawan taimakon da yaro mai naƙasa yake buƙata ba ya cin kuɗi da yawa. Muhimmin abu shi ne mu gane larurar da wuri, mu fara aiki da abin da ke hannunmu. Ɓoye yaro a ɗaki ko tura shi bara yana ƙara masa naƙasa ne a kan wadda yake da ita.

Ganewa da wuri

Muna kira ga iyaye da su garzaya asibiti idan idon jariri ya yi ɗorawa a makon haihuwa, domin shawara mai tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa da ji. Haka kuma idan yaro bai iya zama ba a wata 9, ko ba ya waiwayen ƙara. Jaririn da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa ana miƙe masa ita da filasta, ana sauyawa mako-mako, sannan ya sa takalmi na musamman har ya kai shekara 4 ko 5. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana duba irin wannan larura. Ta ido da ta kunne kuwa, akwai cibiyoyinsu na ƙasa a Kaduna.

Abin da za a yi a gida

1. A kafa gora biyu a jere, daidai kwankwason yaro, ya riƙa dafawa yana koyon tafiya.
2. Kafinta zai iya haɗa kujera mai kusurwa da ragowar katako don yaron da ba ya zama da kansa.
3. A ciyar da yaro a zaune, kaɗan-kaɗan, don kada ya ƙware.
4. Wanda ba ya motsi a riƙa juya shi bayan kowace awa 2, don gudun gyambon kwanciya.
5. Kurma a fuskance shi idan ana magana, iyali kuma su koyi maganar hannu.
6. Mai farfaɗiya idan ya faɗi a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki. Ba a ɗaukar farfaɗiya, kuma magani yana tsayar da ita ga mafi yawan masu ita.

Nauyin da ke kan hukumomi

Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare. Don haka bai halatta shugaban makaranta ya mayar da yaro gida saboda naƙasa ba. Malami ya zaunar da mai raunin ji ko gani a layin gaba. A ƙofar aji a yi gangara maimakon matakala, tsawon mita 12 ga kowace mita 1 ta tudu.

Muna roƙon dagatai da masu unguwanni su rubuta sunayen waɗannan yara, su miƙa wa sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma. Yaron da ba a san da shi ba, ba a yin kasafi da shi.