Auna Nauyin Tauraron Da Ba A Gani

Tauraron da ya mutu ya zama baƙin rami ba ya fitar da haske, amma nauyinsa yana nan daram. Idan ya gitta tsakaninmu da wani tauraro mai nisa, ƙarfin jansa yakan lanƙwasa hasken na bayan, sai a ga wancan ya ƙara haske na makonni ko watanni kafin ya koma yadda yake. Einstein ya wallafa lissafin wannan a 1936, bai kuma sa ran za a taɓa ganinsa ba. A 1986 masanin taurari Bohdan Paczyński ya nuna cewa in aka sa ido kan miliyoyin taurari lokaci guda za a dace, a 1993 kuwa aka dace.

Abin da nake ja a kai shi ne ɗaukar daɗewar hasken a matsayin ma'aunin nauyi. Daɗewar ta haɗa abu uku a dunƙule: nauyin abin da ya gitta, da nisansa, da saurinsa. Ƙaramin abu mai tafiyar hawainiya zai iya barin alama irin ta babba mai gudu. Gogaggen dillali a kasuwar Makarfi yakan kimanta lodin rake daga yadda mota ta durƙusa, amma sai ya san irin motar tukuna. Masanin taurari ma sai ya samo ƙarin awo biyu: ɗan karkacewar da zagayen da duniya ke yi wa rana ke sa wa zanen hawa da saukar hasken, da kuma gocewar da tauraron baya ya yi daga mazauninsa a sama.

Awo na biyun ne mai wuya. A 2011 shirye-shiryen sa ido kan taurari na OGLE da MOA suka ga wani tauraro ya ƙara haske kusan kwana 270. Masanin taurari Kailash Sahu da abokan aikinsa suka bi shi da na'urar hangen nesa ta Hubble shekara shida, a 2022 suka bayyana baƙin rami tilo mai nauyin rana kusan bakwai, a nisan shekarun haske wajen 5,000. Wata tawaga a Berkeley ta samu nauyi ƙasa da haka, har ana tunanin ko ba baƙin rami ba ne. Sai da aka sake awon gocewar saɓanin ya kau.

Cibiyar gungun taurarinmu, inda aka fi farautar waɗannan alamu, takan hau saman Ikara da Kudan da tsakar dare a watan Yuni, daidai lokacin da hadarin damina ya rufe sama. Don haka ban ga hikimar jiran na'urar hangen nesa a yankinmu ba. OGLE yana sakin bayanan haskensa a intanet, haka ma KMTNet na Koriya ta Kudu, wanda ɗaya daga na'urorinsa uku ke Sutherland a Afirka ta Kudu. Ɗalibin kimiyyar lissafi ko fiziks a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, in ya samu kwamfuta da malamin da zai zauna da shi, zai iya ɗaukar alama guda ya yi aikin kammala digirinsa a kanta.