Famfon sanyaya kwamfuta da ruwa: abin dubawa kafin a saya

Masu haɗa bidiyo da masu wasanni a manyan kwamfutoci sun san yadda na'ura ke rage gudu ko ta mutu da kanta idan ta yi zafi. Shi ya sa wasu ke sanyaya ta da ruwa. Ruwan yana bi ta tiyo zuwa wani farantin tagulla da ke manne da ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya kwashi zafi, ya kai shi radiyato inda fanka ke hura shi, sannan ya dawo. Ƙaramin famfo ne ke tura shi. Idan famfon ya tsaya, cikin ɗan lokaci kwamfutar za ta ɗau zafi.

Alƙaluma biyu ake rubutawa a jikin kwali. Na farko shi ne yawan litar da famfon ke turawa a awa ɗaya. Na biyu ƙarfin turi ne, wato tsawon mita nawa zai iya ɗaga ruwa sama. Ba a samun biyun a lokaci guda: adadin lita na kwali sai in babu abin da ya tare ruwan, alhali kowane faranti, kowace radiyato da kowace kwana ta tiyo na rage masa gudu. A aikace, lita 120 zuwa 230 a awa sun isa. Abin da ya haura haka bai cika ƙara sanyi ba, sai dai ƙara.

Iri biyu suka fi shahara, D5 da DDC, waɗanda kamfanin Laing na Jamus ya ƙirƙiro. Duka suna aiki da bolt 12. D5 ya fi girma, yana kai wa lita 1500 a awa da turi na kusan mita 4, kuma ba shi da hayaniya. DDC ƙarami ne. Mai wat 18 yana ba da kusan lita 1000, amma turinsa ya fi na D5, don haka ya dace da ƙaramin akwati ko hanyar ruwa mai kwana da yawa.

Ga mazauna Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, babban bambancin shi ne zafi. D5 ruwan da ke ratsa shi ne ke sanyaya shi, DDC kuwa ta ƙasansa yake fitar da zafi, yana bukatar iska da ƙarfen shan zafi. Famfunan biyu an yi su ne don ruwan da bai wuce digiri 60 ba. Ruwan kuma ba ya taɓa fin iskar ɗaki sanyi, don haka a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tazarar da ta rage kaɗan ce. Inda akwati ke da wuri, D5 ya fi kwanciyar hankali.

Akwai ƙa'idojin da ba a wasa da su. Ba a kunna famfo babu ruwa, domin ruwan ne ke zame masa mai; shi ya sa ake ɗora tanki a samansa. Tataccen ruwa na distile ake zubawa tare da maganin hana gansakuka, ba ruwan rijiya ko na gari ba. Ba a haɗa tagulla da alminiyam a hanyar ruwa ɗaya, saboda alminiyam ɗin zai cinye. Gara kuma a zaɓi famfo mai PWM, wanda kwamfuta ke iya rage wa gudu ko ta ƙara masa.

Famfo dai turi kawai yake yi, radiyato ce ke fitar da zafi. Idan ƙurar hunturu ta toshe ta, famfo komai tsadarsa ba zai ceci kwamfutar ba, sai an riƙa kakkaɓe ta a kai a kai.