Allurar Kennedy da darasin ciwon baya

A 1955 John Kennedy, lokacin yana sanata a Amurka, ya je wurin wata likita a New York mai suna Janet Travell. Yana dogara sanduna, don ayyukan tiyatar da aka yi masa a baya ba su raba shi da ciwo ba. Tun 1942 Travell take rubutu a kan ƙullin da ke taruwa a cikin tsoka, wanda in an danna shi sai zafi ya harba wani wuri a jiki. Maganinta shi ne ta soka allurar procaine, ruwan kashe zafi, a tsakiyar ƙullin. Kennedy ya samu sauƙi, har da ya hau mulki a 1961 ya naɗa ta likitarsa, mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami.

Sai dai sauƙin ba ya daɗewa, allura kuma ta yi ta yawaita. Wani likitan fadar, George Burkley, ya damu, ya sa aka kira Hans Kraus a ƙarshen 1961. Kraus ya tarar tsokar baya da ta cikin shugaban sun yi rauni, sai ya ɗora shi a kan motsa jiki a kai a kai, bayan nasa kuwa ya yi dama. A 1979 Karel Lewit, wani likita a Prag, ya nuna cewa tsinin allurar kaɗai, ko babu ruwan magani, yakan saki ƙullin.

Na kawo wannan tarihi ne don a wajenmu da yawa suna ganin in ba a yi allura ba, ba a yi magani ba. Allurar ƙulli tana da illa: tsamin jiki, zubar jini, ƙurji in ba tsabta, jiri ko suma. In an soka kusa da haƙarƙari tana iya huda huhu, yawan maimaita ta kuma yakan lalata tsoka.

Malamin da ke yini tsaye gaban allo da uwar da ke daka da goyo, shawarata su fara da miƙe jiki, gashi da ruwan ɗumi, tausa da gyara zama. In ciwon ya ƙi, ko ƙafa ta fara mutuwa, a tafi asibiti. Allura kuwa aikin likita ce, kada a miƙa baya ga mai tallar magani a tasha.