Me Ya Haɗa Kifi da Kaska? Ɗan Gwagwarmayar Haraji a Bikin Hamadar Nebada

1.0 Gabatarwa

A ƙarshen watan Agusta na shekarar 2014, Grover Norquist, shugaban ƙungiyar Americans for Tax Reform mai yaƙi da ƙarin haraji a Amurka, ya halarci bikin Burning Man a hamadar Black Rock ta jihar Nebada. Zuwan nasa ya ta da ƙura, domin kuwa mutum ne da aka sani da ra'ayin riƙau, shi kuwa bikin an ɗauke shi matattarar masu bijire wa al'adun gama-gari. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin abin da ya haɗa ɓangarorin biyu, da kuma duba ko tarihin bikin ya gaskata fassarar da baƙon ya yi masa.

2.0 Asalin Bikin

A shekarar 1986 Larry Harvey da abokinsa Jerry James suka ƙona wani mutum-mutumi na katako a gaɓar teku ta Baker da ke birnin San Faransisko, daga nan sunan bikin ya samo asali. Da 'yan sanda suka hana ƙonawar a 1990, sai aka ƙaura zuwa hamada. Sannu a hankali taron ya zama birni na mako guda, wanda ake kafawa a kuma rushe duk shekara, cike da sassaƙe-sassaƙe da kiɗe-kiɗe. A 2004 Harvey ya tsara ƙa'idoji 10, daga cikinsu akwai maraba da kowa, da kyauta ba don sakayya ba, da dogaro da kai, da barin wuri ba tare da wata shara ba. A zamanin zuwan Norquist ba a sayar da kome a tsakiyar birnin sai ƙanƙara da abin sha irin su gahawa.

3.0 Baƙon da Ra'ayinsa

Ƙungiyar Norquist ta kafu a 1985. A 1986, watau shekarar da aka fara ƙona mutum-mutumin, ta fito da takardar alkawari wadda 'yan takara ke sa wa hannu cewa ba za su goyi bayan ƙarin haraji ba, kuma mafi yawan 'yan majalisar jam'iyyar Republican sun sa hannu. A 2001 ya taɓa cewa burinsa shi ne gwamnati ta ƙanƙance har a iya nutsar da ita a cikin bahon wanka. Saboda haka abin da ya burge shi a hamadar, kamar yadda ya bayyana a jaridar Guardian bayan dawowarsa, shi ne ganin dubban mutane suna tsara zamansu da kansu, kowa da gudummawarsa.

Wannan kusanci yana da tushe. Fred Turner na Jami'ar Stanford ya nuna a littafinsa na 2006 yadda wani reshe na masu bijirewar shekarun 1960 ya juya wa siyasar jam'iyyu baya, ya rungumi ƙananan al'ummu da kayan fasaha, har ya zama iri ga masu sana'ar kwamfuta na Kalifoniya. Rashin aminta da hukuma shi ne igiyar da ta ɗaure su da irin su Norquist.

4.0 Abin da Tarihi Ya Nuna

Sai dai fa tarihin bikin yana da nasa jawabin. Filin da ake taruwa mallakar gwamnatin tarayya ne, kuma sai da izinin hukumar kula da filayenta, tare da biyan kuɗi, ake kafa birnin. A 1996, lokacin da mahalarta suka kai kimanin 8,000, wani ya rasu a hatsarin babur, mota kuma ta bi ta kan masu barci a cikin tanti. Daga 1997 aka hana shiga da bindiga, aka taƙaita tuƙi, aka shata tituna. A 2014 jama'a sun haura 65,000, ga 'yan sandan tarayya da na yanki suna sintiri. Daɗin daɗawa, a 2015 jihar Nebada ta gyara dokarta ta harajin nishaɗi, har kashi 9 cikin 100 ya hau kan tikitin bikin.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga cewa Norquist ya yi gaskiya ta fuska ɗaya: mutane na iya gina abu mai ban mamaki ba tare da an tilasta musu ba. Amma 'yancin da ya yaba ya ɗore ne domin masu bikin sun yarda su kafa doka tun daga 1997, sun kuma zauna a inuwar hukumar da yake neman ya ƙanƙantar. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Darasin da ke nan ga mai nazarin al'adu shi ne, duk al'adar bijirewa da ta tara jama'a, ba ta daɗewa sai ta naɗa nata sarakunan, ta kuma fara karɓar nata kuɗin shiga.