Yadda Kyamara Ta Sauya Fuskar Matan Fada

A 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa bikin kamun kifi domin karramawa, bayan tsohuwar gabar Sakkwato da Kabawa. Kyamarar da jama'a suka sani a lokacin akwati ce a kan ƙafa uku. Mai hoto ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya ce kowa ya tsaya cik, domin wanda ya motsa dishi-dishi zai fito. Shi ya sa tsofaffin hotunan ƙasar nan suka cika da sarakuna da hakimai a jere, an sha rawani, an haɗe rai. Masunci kuwa, da gora da homa a tsakiyar ruwa, ina zai tsaya wa akwati?

Ƙaramar kyamarar hannu ce ta kai hoto bakin kogin Matan Fada, inda ake bikin. Kamfanin Leitz na Jamus ya fito da irinta, wato Leica, tun 1925, amma ta daɗe kafin ta zama kayan aikin masu hotonmu. Fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, kuma ba ka ganin abin da ka samu sai an wanke. Wannan ƙarancin ya koya wa mutane haƙuri. Mai hoto zai shiga taɓo har gwiwa, ya ƙyale hayaniyar dubban masunta, yana jiran daƙiƙar da wani zai ɗago giwan ruwa, jijiyoyin wuyansa a miƙe, ruwa na zuba daga gemunsa. A ganina, hotunan wannan zamani ne suka fi kama ran bikin, domin sun ba masunci fuska. Fim mai launi da ya yaɗu a shekarun 1980 ya ƙara musu jan taɓo da shuɗin babbar riga.

Bayan 2009 bikin ya tsaya, sai 2020 ya dawo. Ya tarar da waya a hannun kowa, da ƙananan jirage marasa matuƙa suna shawagi a kan Matan Fada. Hoton sama yana da ban mamaki, kogin ya yi baƙi ƙirin da mutane tun daga gaɓa zuwa gaɓa. Sai dai daga can ba a bambanta wanda ya kama babban kifi da wanda ya fito hannu rabbana, dole sai wani ya sauka da kyamararsa ya taka taɓon.