Daga Sandar Waya Zuwa Kofin Awo

Da zarar watan Maris ya kama, bazara ta buɗe wuta a Kano, motoci kan yi layi a bakin garejinmu, kuma maganar kowa ɗaya ce: "Malam, a ƙara mini gas." Kusan shekara 40 ke nan ina gyaran esin mota, amma waɗanda suka taɓa cewa in duba musu man kwamfireso ba su cika yatsun hannuna ba. Alhali kuwa shi ne ran abin. Gas sanyi yake kawowa, mai kuwa shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe.

Lokacin da aka kai ni koyon aiki a 1986, gas ɗaya muka sani, R-12, wanda kowa ke kira Freon, sunan da kamfanin DuPont ya yi masa tun shekarun 1930. Mansa ma ɗaya ne, man ma'adini mai haske da ake tacewa daga ɗanyen fetur. Su biyun kamar Hassan da Hussaini suke: man yana narkewa cikin gas ɗin, gas ya ɗauke shi ya zaga da shi cikin tiyo da kwandansa, ya dawo da shi gida. Tsofaffin Marsandi da Volvo na wancan zamani da yawa suna ɗauke da kwamfireso ƙirar York, wani ƙato mai fistan biyu, da tukunyar mansa a ƙasa kamar ta ƙaramin inji. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana da wata 'yar waya da ya daddale bakinta ya yi mata zane da zarto. Sai ya rufe bawul biyun da ke kan kwamfireson, ya sauke ɗan gas ɗin da ya rage a ciki, ya kwance noti, ya zura wayar, ya zaro ya ɗaga ta sama. "Zo ka gani da idonka," yake ce mini. A nan ake karanta yawan mai da launinsa. Ko Sanden na Japan da suka biyo baya suna da irin wannan noti a gadon bayansu. A kan diraya kuma akwai ɗan gilashi kamar idon kifi, idan ka ga kumfa na wucewa ka san gas ya yi ƙasa.

Abin da ya rushe wannan zamani daga sama ya zo. A 1985 masu bincike na Ingila suka bayyana cewa rufin iskar ozon da ke kare duniya daga kaifin rana ya yi rami a saman Antatika, kuma sinadarai irin su R-12 ne ke cinye shi. A 1987 ƙasashe suka sa hannu kan yarjejeniyar Montreal don rage irin waɗannan sinadarai. Tsakanin 1992 da 1995 masu ƙera motoci suka koma R-134a. Ƙasashe masu arziki suka daina yin tsohon gas daga 1996, mu kuma masu tasowa aka ba mu wa'adi zuwa 2010.

Labarin gas ya iso mana, labarin mai bai iso ba. Nan ne ɓarnar ta faru. R-134a ba ya haɗuwa da man ma'adini. Gas ya yi gaba, mai ya kwanta a wani lungu, kwamfireso na ta juyawa a bushe. A ƙarshen shekarun 1990, da motocin Kwatano suka cika gari, sai ka ga mota ta zo da sabon gas, an zuba mata tsohon mai, ko tsohuwar mota an ɗura mata sabon gas ba a wanke ta ba. Ni ma na taɓa yi. Wani dattijo ya kawo motarsa, na cika ta, ta yi sanyi har ya sa mini albarka. Bayan sati uku ya dawo, kwamfireso ya ɗaure, bel ya ƙone. Da muka buɗe tiyo, wani baƙin abu ne ya fito mai ƙyalƙyalin garin alminiyam. Na biya kuɗin gyaran daga aljihuna, kuma har yau ina tuna fuskarsa.

Sabon man, PAG, na haɗi ne, kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai lamba 46, akwai 100, akwai 150, gwargwadon kauri. Kamfanin Denso na kiran nasa 46 ɗin ND-Oil 8, Sanden kuma SP-10. Yana da wani hali da ya daɗe yana cutar mu: yana shan laimar iska kamar gishiri a damina. Kwalbar da aka bari a buɗe a kan benci ta lalace ko da idonka bai nuna maka ba, domin ruwan da ta sha zai koma asid a cikin mota. Ga masu sauya tsohuwar mota zuwa sabon gas kuma aka fito da man ester, POE, wanda ke iya zama lafiya da ragowar tsohon mai.

Sandar wayar maigidana ta rataye a bango tun lokacin. Kwamfireson yanzu ƙanana ne, yawancinsu ba tukunya, man yana warwatse cikin tsarin gaba ɗaya, gilashin diraya ma ya ɓace daga motoci da yawa. Ba inda za ka zura waya ta gaya maka gaskiya. Duba mai ya koma lissafi. Ka karanta takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet, ta faɗi nau'i, sau da yawa har da adadi. Ƙaramar mota ba ta cika wuce mililita 250 ba. Idan za ka sauya kwamfireso, ka tsiyaye tsohon a kofin awo kana juya shi da hannu, ka tsiyaye sabon, sannan ka mayar masa da gwargwadon abin da ya fito daga tsohon. Na Beljiyam da ake sayowa a Ƙofar Ruwa kuwa, ba ka san me aka taɓa zuba masa ba, don haka tsiyaye shi wajibi ne. Ka juya shi sau goma kafin bel ya taɓa shi, ka bar famfon zuƙe iska ya yi rabin awa.

Abin da na fi faɗa da yara a kai shi ne ƙarin mai na tausayi. Yaro ya ji ƙara, sai ya zuba, wani garejin ma ya zuba. Man ya lulluɓe cikin bututu, ya tare wurin gas, sanyi ya ragu, mai mota ya sake zuwa neman gas.

Yanzu kuma wani sauyin ya sake tasowa. Motoci masu haɗa fetur da batir, irin Prius daga ƙirar 2004, kwamfiresonsu na lantarki ne, wayoyin da ke cikinsa na wanka cikin mai. PAG na iya barin wuta ta bi ta jikinsa, shi ya sa Denso ya ware musu ND-Oil 11. Turai kuma ta hana R-134a a sababbin motoci daga 2017 saboda ɗumamar yanayi, aka koma R-1234yf da nasa man dabam, kuma motocin sun fara shigo mana. A garejinmu yanzu kofunan awo huɗu ne, kowane da sunan mansa rubuce da jan fenti, kuma tiyon da ya taɓa PAG ba ya kusantar motar lantarki. Sabon yaro kan yi wata uku yana wanke su yana rufe kwalabe kafin in bar shi ya riƙe geji.